Neman shawara: Babanmu ya ajiye kaki, zaman gida yana neman kayar da shi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana, maganar mahaifina ce.

Babanmu ya shiga soja a 1988 ta Defo na Zariya, ya yi shekara 35 cif, ya yi ritaya a 2023 yana samanja. Ya je Laberiya da Saliyo zamanin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, tun ban san kaina ba, daga baya ya yi shekaru a Borno. Da muka bar bariki sai muka tare a gidan da ya gina a Rigasa, nan Kaduna. Mun ɗauka hutu ya zo, ashe ba haka ba.

Har yau ƙarfe huɗu yake tashi. Zai goge kaftaninsa har sai karin ya tsaya, ya goge takalmi, ya tafi masallaci. In ya dawo sai ya ɗauko farar kujerar roba ya zauna a ƙofar gida da rediyo a cinya, a shirye tsaf, amma babu inda za shi. Haka zai wuni har Magariba. Ya buɗe shagon kayan masarufi da wani ɓangare na garatutinsa, bashi ya cinye shi cikin wata bakwai. Yanzu abu kaɗan ke harzuƙa shi, ko bokiti ƙannena suka bari a tsakar gida sai gidan ya yi tsit. Da dare yakan zabura yana kiran sunayen da ba mu sani ba. Da ƙaramar Sallar da ta wuce yara suka fasa nokawut a bayan gida, na same shi a durƙushe bayan duron ruwa, gumi ya jiƙe masa riga. Ya kalle ni na kalle shi, har yau ba mu tayar da maganar ba.

Yanzu abu biyu aka kawo masa. Mai unguwa yana so ya shugabanci 'yan sintirin dare. Liman kuma yana so ya riƙa koya wa 'yan agajin masallaci fareti da taimakon farko, ya kuma jagoranci samari wajen yashe kwatoci kafin damina. Duka babu ko kwabo. Mama ta ce bautar da ya yi wa ƙasa ta isa, a bar shi ya huta. Yayanmu ya ce abin kunya ne a ga uba kamar wannan da shebur a cikin kwata, za a ce mun kasa riƙe shi. Shi kuwa Baba da na tambaye shi cewa ya yi, "Duk yadda kuka gani." Wannan amsar ce ta sa ni kuka, don ban taɓa jin irinta a bakinsa ba. Ku ba ni shawara, mu ƙarfafa masa ya karɓa ko mu hana? In zai karɓa, wanne?

Maman Sadiƙ, Unguwar Dosa:
Allah sarki, Allah ya ba Baba lafiya. Ni dai ina bayan Mama. Mutumin da ya ga abin da ya gani bai kamata a sake ɗora masa wani nauyi ba. Ku yawaita masa addu'a, ya riƙi karatun Alƙur'ani, in da hali ku haɗa kuɗi ya je Umara.

Tsohon Saje, Mando:
Wa alaikumus salam 'yata. Na karanta saƙonki sau biyu, domin labarina kika bayar. Ni ma na yi Saliyo, wataƙila ma mun taɓa cin abinci a tukunya ɗaya da Babanki ba mu san juna ba.

Hajiya da ta ce a bar shi ya huta, niyyarta mai kyau ce, amma bari in gaya muku abin da farar hula ba su cika ganewa ba. Soja tun yana kurtu ba a taɓa barinsa ya tambayi kansa me zai yi yau ba. Akwai lokacin fareti, akwai lokacin gadi, akwai yara talatin da in bai fito ba za a san bai fito ba. Rana ɗaya aka miƙa maka takarda, ka mayar da kayan gwamnati, ka fita ƙofar bariki. Washegari ka farka ƙarfe huɗu kamar kullum, ka ga duk duniya babu mai jiran ka. Fansho in ya shigo yana sayen masara da magani, amma wannan ramin ba ya cike shi. Ni shekara biyu na yi a kan benci. Hawan jinina ya tashi, na zama mai faɗa, jikokina suka daina shigowa ɗakina.

Abin da ya tashe ni maƙabarta ce. Wani maƙwabcina ya rasu da damina, muka kai shi, na ga ciyawa ta kai gwiwa, ruwa ya zaftare kaburbura. Na dawo gida na kasa barci. Asabar na ɗauki adda da fartanya na koma ni kaɗai. Mako na uku samari huɗu suka biyo ni. Yanzu mun fi ashirin, na raba su gida-gida, kowa da sashensa, muna da littafin da muke rubuta wanda ya zo da kayan aikin da aka ara. In na makara da minti goma waya za ta fara ƙara, "Baba Saje, lafiya?" Wallahi 'yata, wannan tambayar ta yi mini abin da ƙwaya ba ta yi ba. Ga gumi da mutum zai yi, jiki ya gaji, dare ya yi ka kwanta ka yi barcin gaske.

Ki ce wa yayanki tsohon soja ya gaishe shi, kuma ya sani babu sojan da shebur baƙonsa ne. Ramukan da Babanku ya haƙa da hannunsa a daji ba su ƙirguwa. Abin kunyar shi ne a bar ilimin shekara 35 ya ruɓe a kan kujerar roba, alhali unguwa cike take da samarin da ba su iya tsayar da jini ba in an yi haɗari.

Amma sintirin dare, a'a. Ban yarda ba. Mutumin da ƙarar nokawut ke kai shi bayan duro, kada a ba shi tocila da gora a ce ya shiga lungu ƙarfe biyu na dare. Ranar da wani yaro zai ɓullo masa a guje cikin duhu, jikinsa ba zai tsaya tambayar Rigasa yake ko Borno ba. Ya karɓi na liman. Sannan ki tambaye shi ko ya yi rajista da ƙungiyar tsofaffin sojoji, Nigerian Legion, akwai reshenta a nan Kaduna. Kada ya tsaya sai 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, sannan ya ga 'yan'uwansa. Akwai maganar da ba zai taɓa yi da ku ba, da mu kaɗai zai yi ta.

Anti Nas, Badarawa:
Ƙanwata, Baba Saje ya faɗi gaskiya, amma zan ƙara abu ɗaya don ina aikin jinya. Zabura cikin barci, firgita da ƙara, saurin fushi, janyewa daga mutane, duk alamomi ne na ciwon da likitoci ke kira PTSD, wanda ke biyo bayan mummunan tashin hankalin da mutum ya gani ko ya shiga. Ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, kuma yakan lafa shekaru sai mutum ya zauna babu aiki sannan ya taso. Ba ni da hurumin cewa shi ne a nan, likita ne zai tantance. Aikin sa-kai zai taimaka masa ƙwarai wajen kaɗaici da motsa jiki, amma ba ya maye gurbin ganin likita. Muna da asibitin sojoji na 44, muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Na san da an ce Barnawa mutanenmu ke ja da baya, to ku fara da 44 inda zai ji yana cikin nasa, ku ce a duba hawan jini da rashin barci, daga nan sai ki sami likitan a gefe ki gaya masa abin da kika gani ranar Sallah. In kuma kin taɓa jin ya ce ya gaji da rayuwa, ko ya fara shan maganin barci ba da umarnin likita ba, kada ku jira mako mai zuwa.

Abu Hanif, Rigasa:
Ni ɗan sintiri ne, kuma ina jin na san damuwar mai unguwa. Yaranmu suna da zuciya amma babu horo. An kama wanda ake zargi, maimakon a miƙa shi ga 'yan sanda sai a rufe shi da duka, gobe a wayi gari mu ne masu laifi. Irin su Baba muke nema ruwa a jallo. Amma na ji bayanin Baba Saje na kuma gamsu. Me zai hana a raba? Ba sai ya fita dare ba. Ya zauna da mu da rana ko sau ɗaya a mako, ya tsara mana jadawalin gadi, ya koya mana yadda ake tsayar da mutum a yi masa tambaya ba tare da cin mutunci ba, da yadda ake rubuta rahoto.

Tsohon Saje, Mando:
Ɗana, wannan ya yi, amma ba yanzu ba. A bari ya ga likita, ya yi wata biyu ko uku da 'yan agaji tukuna. Kuma in zai zo, ku yi komai da sanin DPO na yankinku.

Baba Yohanna, Sabon Tasha:
'Yata, sannu da ƙoƙari. Ni ma tsohon soja ne, Kirista, yaran Boys' Brigade nake koya wa fareti da buga ganga a cocinmu tun da na bar aiki. Abu ɗaya zan ja kunnen ɗan'uwana a kai: waɗannan yaran ba kurata ba ne. Watan farko na kore rabinsu da tsawa da tsallen kwaɗo. Sai da matata ta ce mini wanda ba ka biya ba, ba ka da abin riƙe shi sai fuska. Na sassauta suka dawo, ni ma na koyi magana a hankali har a cikin gidana. Ku gaya masa ya shiga da sanyi.

Maman Iman, Kawo:
Mijina yana cikin kaki har yanzu. Duk lokacin da ya dawo daga arewa maso gabas sai ya yi makonni kamar baƙo a gidansa, ba ya son hayaniyar yara. Abin da na lura yana dawo da shi shi ne ƙwallo. Yana tara yaran bariki da na unguwar da ke maƙwabtaka da mu da yamma yana horar da su, da izinin na gaba da shi. Akwai iyayen da a da in sun ga soja sai su canja hanya, yanzu har gida suke aiko mana da gaisuwa. Ya ce gara ya fara sabawa da mutanen gari tun yanzu, kada ranar ritaya ta same shi bai san kowa ba sai masu kaki. Ki lallashi Mama, mu matan sojoji mun sha zaman jiran waya, tsoronta ke nan. Ki nuna mata wannan fitar daga gida zuwa masallaci ce, kuma zai dawo ya ci abincin rana.

Malam na Tudun Wada:
Allah ya saka miki da alheri da kula da mahaifi. Aikin agaji ba ƙaramin abu ba ne a garin nan. Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a 1962 kuma hedikwatarta ke nan Kaduna, tana da rundunar agaji, Fityanul Islam da Izala ma kowa da tasa. Su ne a filin Idi, su ne a wajen tafsiri da azumi, su ne ke ɗaukar kayan tsofaffi a sansanin alhazai na Mando. Kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce kamar yadda ya tabbata a hadisi, to ina ga buɗe kwatar da in ta toshe ruwa zai shiga ɗakunan mutane? Shawarata, kada ku 'ya'ya ku je masa da "mun yarda ka yi". Uba ba ya son a ba shi izini. Liman da dattawa biyu su zo har gida su roƙe shi, su ce buƙatarsa suke.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Mama saƙon Maman Iman da na Baba Saje, ta yi shiru, can ta ce in dai ba dare ba ne ba ta hana ba. Yayanmu bai sauko ba tukuna, amma ya yarda shi zai kai Baba asibiti ranar Talata.

Mun bi shawarar Malam. Jiya bayan La'asar liman ya zo da mutum biyu, na shimfiɗa musu tabarma a zaure na koma bayan ƙofa. Baba bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Tambaya ya yi ta jerowa: yara nawa ne, shekarunsu nawa, akwai akwatin taimakon farko, wa ke riƙe makullin ɗakin kaya. Da suka ce babu akwati sai na ji muryarsa ta ɗaga irin ta da, ya ce to da me za su yi agajin? Da dare ya aiki ƙanina ya sayo littafi mai layi da biro biyu, ya ce in nemo masa farashin bandeji da safar hannu da almakashi. Asabar ƙarfe bakwai ya ce su taru a filin makarantar firamare.

Anti Nas, don Allah ki rubuto mini abin da ya kamata a zuba a akwatin, kada in sayo abin da ba shi ba. Baba Saje kuma, Baba ya tambaye ni wace bataliya kuka yi a Saliyo, da wace shekara.