Tambaya kan PROC da LOCAL a BBC BASIC

sabon_shiga:
Salam jama'a, dan Allah ina gwada emuleta (manhajar da ke kwaikwayon wata kwamfuta) na BBC Micro, tsohuwar kwamfutar kamfanin Acorn, da harshen rubuta shiri na BBC BASIC ne, na sa X=5 a sama sai na kira wani PROC (sashen shiri mai suna da ake kira) da shi ma yake amfani da X, yana dawowa sai na ga X ya zama 10. Me ke jawo haka?

tsohon_hannu:
Wa alaikumus salam. Ai a BASIC ɗin nan duk bariyabul (suna irin X da ke riƙe lamba) na kowa da kowa ne, PROC na iya canza shi. Ka sa LOCAL X bayan layin DEF PROC, zai ajiye tsohuwar lambar a sitak (wurin ajiyar wucin gadi a memori) ya mai da X sifili, in ya iso ENDPROC sai ya dawo maka da 5 ɗinka. Amma ka kula, duk PROC ɗin da ka kira daga ciki sabon X zai gani.

mai_gyara:
Wlh Acorn sun yi ƙoƙari tun 1981. BASIC na kwamfutar Commodore 64 ba shi da PROC sam, GOSUB ne kawai da ke tsallakawa zuwa lambar layi, kuma haruffa biyun farko na sunan bariyabul kaɗai yake dubawa, KUDI da KUKA duk ɗaya ne a wajensa.

sabon_shiga:
Ya yi malam, na gode. To bariyabul A% fa, ko na sake kunna shirin da RUN ba ya gogewa?

tsohon_hannu:
Eh, A% zuwa Z% wurinsu daban ne a memori, ko CHAIN ka yi (ka loda wani shirin ka kunna) suna nan.