Muhawara: Shirun wadda aka cuta ne ke kashe shari'ar fataucin mutane?

Tsohon Sufeto: Jama'a, zan faɗi abin da ba a son ji. A bakin shaida shari'ar fataucin mutane take mutuwa. Mu kwashe wata shida muna bin sawu, mu kama mutum, ranar shiga kotu yarinya ta ce ba ta taɓa ganinsa ba. Ni a ganina, duk mai son mafaka da takardar zama ta fara yarda za ta ba da shaida. Ko bizar T da Amurka ta ƙirƙiro a 2000 don waɗanda aka yi fataucinsu tana neman baligi ya ba masu bincike haɗin kai.

Hajiyar gidan mafaka: Yallaɓai, na taɓa kwana da wata a daren da za ta shiga kotu. Ta goge kayanta, ta rataye. Can waya ta yi ƙara, mahaifiyarta ce: wai wasu mutum biyu sun zo gaishe ta, sun tambayi makarantar da ƙanwar yarinyar take zuwa, sun tafi. Da safe ta zauna bakin gado ta ƙi tashi. Kai mutum ɗaya ka kama a nan. Mai karɓar bashin da masu fataucin suka ɗora mata yana wata ƙasa, kuma ya san ƙofar gidansu. Ka raba ta da mafaka, wajen wa za ta koma?

Ɗalibi: Hajiya, a yi mini afuwa, amma wasu da ƙafarsu suka tafi, har kuɗi suka biya. Ina fataucin a nan?

Barista: Ƙanina, tambayarka ita ce makamin lauyan mai kare kansa. Yarjejeniyar Palermo ta 2000, wato ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan fataucin mutane, ta ɗora laifin kan abu uku: ɗaukar mutum ko ɓoye shi, ta hanyar yaudara ko tilas ko barazana, da nufin ci da guminsa. In an tabbatar da yaudarar, yardarsa ba ta da amfani. In bai kai shekara 18 ba, ba a ma neman hanyar. Wahalar tana nan tsakiya. Ba sarƙa a ƙafarta, ƙofa a buɗe, tana fita ta dawo. Abin da ya ɗaure ta fasfo ne da aka karɓe da bashin da ba ya ƙarewa. Nuna wa alƙali wannan aiki ne ja, shi ya sa mai gabatar da ƙara yakan sauko ya tuhumi mutum da takardun jabu kawai.

Hajiyar gidan mafaka: Ga kuma rantsuwa. Banza ce ta sa Oba Ewuare na Biyu, sarkin Benin da ke Jihar Edo, ya tara bokaye a watan Maris na 2018 ya warware rantsuwar da ake sa 'yan mata kafin a kai su Turai?

Tsohon Sufeto: Na ji. To in ba shaida, da me zan shiga kotu? Ku ce a bi kuɗi da waya. Kuɗin hannu da hannu ake miƙa su, layin waya a jefar. Ka rubuta wa wata ƙasa neman bayanan banki, kafin amsa ta zo an ba mutumin beli ya ɓace.

Barista: Wannan gaskiyarka ce, Yallaɓai, amma gazawar hukumomi ce, kar a ɗora wa yarinya. Italiya tun 1998, a sashe na 18 na dokarta ta shige da fice, ta buɗe hanyar ba da takardar zama ba tare da an tilasta ba da shaida ba. Yarjejeniyar Majalisar Turai ta 2005 ta ba da aƙalla kwana 30 mutum ya dawo hayyacinsa kafin ya yanke shawara. Kuma ka tuna wa ake fara kamawa. A 2021 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg ta sami Birtaniya da laifi saboda ta gurfanar da wasu samari biyu 'yan Vietnam da aka tarar a gonakin wiwi, alhali alamun fatauci suna bayyane.

Tsohon Sufeto: Kwana 30 na yarda da su. Amma bayan su ina son amsa, don mutumin yana can yana ɗibar wasu.

Hajiyar gidan mafaka: Waccan da na ba ku labari, sai da aka sauya wa ƙanwarta makaranta sannan ta ce a kira mai binciken. Ya zo, Yallaɓai, amma ya tarar an riga an kori ƙarar.