Musayar Baiti: Kurdawa a Teburin Manya

Alƙalamin Dala:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Makon nan batun Kurdawa na kawo. Al'umma ce da ake ƙiyasta yawanta tsakanin miliyan 30 zuwa 40, da harshenta daban da Larabci da Turkanci, mafi yawansu Musulmi, suna zaune a Turkiyya, Iraƙi, Iran da Siriya. Yarjejeniyar Sevres ta Agustan 1920 ta buɗe musu ƙofar samun ƙasa, ta Lozan ta Yulin 1923 ta rufe ta. Kowa ya amsa wa wanda ya gabace shi, ya zaɓi amsa-amon da ya yi masa, ban da zagi.

Bismillahi da shi nake buɗe baki,
Sarki mai jin kukan mai kokawa.

Salati ga Annabi Ɗan Amina,
Da ya ce zalunci duhu ne ran tsayuwa.

Mazauna tsaunin Zagros tun dauri,
Tun ba a san iyakar rabawa.

Da yaƙin duniya ya zo ƙarshe,
Daular Usmaniyya tana rushewa,

Manya suka zauna can a Sevres,
Suka rubuta musu hanyar samuwa.

Shekara uku ba ta ko cika ba,
Aka koma Lozan don sakewa.

Takardar nan kaf, je ka duba ta,
Ba sunan Bakurde, balle tunawa.

Suka wayi gari a ƙasashe huɗu,
Kowace da irin nata dannewa.

Tambayata gare ku, 'yan'uwana:
Don me kukan nan ba ma amsawa?

Inna Ta-Sakkwato:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni Halabja zan kai ku, garin Kurdawa a Iraƙi. Ran 16 ga Maris 1988 jiragen Saddam suka zuba wa garin iskar guba, mutum kimanin 5,000 suka mutu, galibinsu fararen hula. A shekarar ce kuma aka yi farmakin Anfal, wanda sojan Saddam suka kai wa ƙauyukan Kurdawa. Human Rights Watch ta ce ya ci rai 50,000 zuwa 100,000, Kurdawa na cewa 182,000. Ƙuduri na 612 da Kwamitin Sulhu ya fitar a watan Mayu ya yi tir da amfani da guba, bai ɗora laifin a kan Iraƙi ba.

Na karɓa, Malam, ga ni tafe,
Da zancen da aka so a rufe,
Garin Halabja da aka shafe,
Ba a tsawata wa mai laifi ba.

Jirage suka zo suka yi ruwa
Na bom, jama'a suna gudowa,
Ƙarƙashin ƙasa don ɓoyewa,
Ba su san guba ce ke tafe ba.

Gubar nan ta fi iska nauyi,
Ta bi su ramin da suka yi,
Da ƙamshin tuffa ta zo wa bayi,
Yara ba su san ajali ne ba.

Ga uba kwance a bakin ƙofa,
Jinjirinsa da jiki ya rufa,
Fuskarsa a ƙasa ya kifa,
Rungumar ba ta tsare shi ba.

Kwamandansu mai suna Ali,
Ya kira kisan nan Anfali,
Sunan sura ya ɗauka ba dalili,
Bai ji tsoron Mai surar ba.

Ƙauyuka dubbai aka rushe,
Maza aka kwasa aka kashe,
A hamada ramukan aka toshe,
Mata ba su ga gawar miji ba.

Manyan duniya suka zauna,
Suka yi tir da guba mai ƙuna,
Suka tsallake wajen faɗin suna,
Don Saddam bai gama musu aiki ba.

Alhaji Na-Kwari:
Inna, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma zance fuska biyu gare shi. Rikicin PKK, ƙungiyar 'yan tawayen Kurdawa, da gwamnatin Turkiyya, tun daga 1984, ya ci rai kimanin 40,000. Kuma ƙuri'ar ɓallewa da Mas'ud Barzani, shugaban yankin Kurdawan Iraƙi a lokacin, ya kira a Satumban 2017, mu duba wa ya yi mata tafi.

Inna, na ji, kuma na yi kuka,
Jinin Halabja ba abin wasa.

Amma a bar ni in faɗi nawa,
Kowace tambaya tana da amsa.

PKK ta ɗau bindiga ta hau dutse,
Dubbai sun kwanta cikin ƙasa.

Da soja, da malamin makaranta,
Da talaka mai neman abincinsa.

Mu nan mun san ɗacin ɓallewa,
Wata 30 muna yaƙin basasa.

Barzani ya kira ƙuri'ar rabuwa,
Isra'ila ce ta tsaya a bayansa.

In ana yanka ƙasashen Musulmi,
Mai cin riba yana can nesa.

Erdogan na ɗaga murya kan Gaza,
Ni ba na son a karya ƙarfinsa.

Ɗan Damagaram:
Alhaji, ranka ya daɗe, a mayar da zancen baya kaɗan. A Turkiyya dokar 1983 ta haramta wallafa da watsa abu da Kurdanci, sai a 1991 aka soke ta. A shekarar ne Bakurdiya Leyla Zana ta shiga majalisa, a 1994 aka ɗaure ta bisa zargin alaƙa da PKK, ta fito a 2004. A Siriya kuwa ƙidayar 1962 a lardin Hasaka ta raba Kurdawa kimanin 120,000 da takardar zama ɗan ƙasa, 'ya'yansu da jikokinsu suka gaji rashin.

Alhaji sannu, na ji batunka,
Akwai gaskiya cikin zancenka,
Amma bari dai in tambaye ka,
Kafin harbi, wa ya ɗaure baki?

Ina Damagaram, kai ka zauna
Kano, kawuna yana Katsina,
Layin Turawa ya ratsa gona,
Amma Hausa muke yi har gidan sarki.

Babu mai ɗaure ni don Hausa,
Rediyo na yi da ita har nesa,
Bakurde kuwa an hana masa
Nasa, da doka da ƙarfin mulki.

Turkawan dutse aka ce da su,
Aka sauya sunan ƙauyukansu,
Aka hana su raɗa wa 'ya'yansu
Sunan kakanni a ranar biki.

Leyla Zana a majalisa,
Ta yi rantsuwa, ta ƙara bisa
Jimla ɗaya ta zumuncin ƙasa
Da Kurdanci, sai ihu ya cika ɗaki.

Ba a jima ba sai ga ta a ɗaure,
Shekara 10 tana a tsare,
'Ya'yanta suka girma a ware,
'Yar majalisa guda, abin mamaki!

Je ka Hasaka ta ƙasar Siriya,
A yini guda aka yi ƙidaya,
Aka mai da su baƙi a duniya,
Ba fasfo, ba gona, ba aiki.

Baba Mai Rediyo:
Yara, ni da kunnena na bi rabin labarin nan a rediyo. Ga jerin shekarun don kada baitin ya ruɗa ku: Jamhuriyar Mahabad a Iran, 1946, yarjejeniyar Aljiyas tsakanin Shah na Iran da Saddam, wadda ta karya tawayen Mulla Mustafa Barzani, Maris 1975, tawayen bayan yaƙin Kuwait, 1991, yaƙin Kobani a Siriya, 2014 zuwa farkon 2015, janyewar sojan Amurka daga bakin iyakar Siriya, Oktoban 2019, taron NATO a Madrid, Yunin 2022. Batun Isra'ila kuwa, Alhaji, wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Abin tambaya shi ne ina hannun 'yan'uwansa yake.

Ku matso in ba ku na teburi,
Inda ake ciniki a kansu.

Mahabad ta kafa jamhuriya,
Sobiyet na tsaye a bayansu.

Da Mosko ta kwashe sojojinta,
Shekara ba ta cika ba aka ci su.

Ƙazi Muhammad, alƙalin gari,
A dandali aka rataye shi gabansu.

Mulla Mustafa ya yarda da Shah,
Da Amurka mai turo makamansu.

A Aljiyas Shah ya sami rabin kogi,
Nan take ya yanke taimakonsu.

Bush ya ce jama'ar Iraƙi su tashi,
Suka tashi, ba wanda ya zo gare su.

Suka hau tsauni cikin sanyi da laka,
Jarirai na cikawa a hannunsu.

Sai da hoto ya kunyata duniya,
Aka hana jiragen Saddam bin su.

A Kobani su suka tare Da'ish,
Mata da maza da 'yan bindigoginsu.

A dukan yaƙin Da'ish 11,000 suka kwanta,
Duniya na nesa tana yaba musu.

Trump ya yi waya da Ankara,
Ya janye soja, aka afka musu.

Sweden na neman kujerar NATO,
Aka sa Kurdawa cikin sharuɗɗansu.

Alhaji Na-Kwari:
Baba, Allah ya ƙara girma. To ga na cikin gida: yaƙin jam'iyyun Kurdawan Iraƙi, KDP ta Barzani da PUK ta Jalal Talabani, daga 1994 zuwa 1998, shigar sojan Saddam Erbil a 1996, da faɗuwar Kirkuk hannun sojan Iraƙi a Oktoban 2017.

Baba, ka ba mu laifin baƙo,
Na gida fa, wa zai faɗe shi?

Barzani da Talabani sun gwabza,
Kan kuɗin kwastan da mai karɓar shi.

Tankokin Saddam sun shiga Erbil,
Bakurde ne ya gayyato shi.

Ranar Kirkuk wani ya ja da baya,
Ɗan'uwansa a fili ya bar shi.

Ga man fetur yana bin bututu,
Malamin makaranta ba albashi.

Ɗan jarida in ya taɓa manya,
Kotun Erbil ce ke ɗaure shi.

Haƙƙin talakan Kurdawa ina so,
Amma har gida a nemo mai cin shi.

Ɗalibar Hadisi:
Iyayena, ku gafarce ni in sa baki. Alhaji ya yi gaskiya kan shugabanninsu, sai dai laifin shugaba ba ya halatta jinin talakansa. Mahsa Amini da ta rasu ran 16 ga Satumba 2022 tana da shekara 22, Bakurdiya ce daga garin Saƙƙez, a gida Jina ake kiran ta.

Iyayena ku yi mini izini,
Ƙaramar cikinku ce, ku ji ni,
Abu ɗaya ne ya tsaya mini,
Ba komai ba ne, shirun nan namu.

Muna raɗa wa ɗa Salahuddini,
Muna tuna shi da ranar Hiɗɗini,
Da Ƙudus da ya buɗe don addini,
Bakurde ne, a faɗa wa yaranmu.

Ibnus Salahi ɗan Shahrazuri,
Ya bai wa ilmin hadisi tsari,
Ana karanta shi gari gari,
Shi ma nasu ne, kuma malaminmu.

Gaza ta yi kuka mun tashi,
Haka ya dace, wajibi ne shi,
To mai kuka in Musulmi ya doke shi,
Me ke toshe mana kunnenmu?

Annabi ya ce ka taimaki ɗan'uwa,
In an cuce shi, da karewa,
In shi ke cuta, da hanawa,
Rabin hadisin kawai ke bakinmu.

Jina ta taso daga Kurdistan,
Ta kai ziyara birnin Tehran,
'Yan sanda suka kama ta a can,
Bayan kwana 3 ta rasu, tsararmu.

Alƙalamin Dala:
Madalla da 'yata. Bari in kawo zancen kusa. Abdullah Ocalan, jagoran PKK, wanda aka kama a Nairobi a 1999 aka kulle a tsibirin Imrali, ya kira PKK ta ajiye makami ran 27 ga Fabrairu 2025. A watan Mayu ƙungiyar ta sanar da rushe kanta, ran 11 ga Yuli mayaƙa 30 suka ƙona bindigoginsu kusa da Sulaimaniyya. Shi kuwa Selahattin Demirtas, ɗan siyasar Kurdawa wanda ya yi takarar shugaban Turkiyya, an kama shi a Nuwamban 2016. Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce a sake shi a Disamban 2020, a Mayun 2024 wata kotun Turkiyya ta yanke masa shekara 42.

'Yata, Allah ya yi miki albarka,
Kin faɗi abin da muke kaucewa.

Alhaji, bindiga ce ta dame ka,
To ga ta a kasko tana ƙonewa.

Mutum 30, rabinsu mata,
Suna jefa ta wuta suna wucewa.

Yanzu kallo ya koma Ankara,
Me za ta kawo wajen ramawa?

Demirtas da ƙuri'a ya nemi mulki,
Edirne aka kai shi don kullewa.

Kotun Turai ta ce a sake shi,
Aka ƙara masa shekarun zaunawa.

Magajin garin da jama'a suka zaɓa,
A tuɓe shi, a kawo ɗan naɗawa.

Yaro ya shiga aji da Kurdanci,
Sai a darasin zaɓi ake koyarwa.

In mai ƙuri'a yana a ɗaure,
Me za a ce wa mai ajiyewa?

Alhaji, fili naka ne, ka amsa:
A saki Demirtas, ko a ci gaba da tsarewa?