Ɗana yana tashi da sagewar ƙugu da ciwon diddige

Wani uba daga Agege:
Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ɗana mai shekara 11 yana fama da kumburin gwiwa da ciwon diddige, kuma da asuba ƙugunsa kan sage har ruku'u ya gagare shi, sai hantsi ya yi ya ɗan zazzaga sannan jikin ya sake. An gwada jininsa, ba shi da sikila. 'Yan uwa sun ce sanyin ƙashi ne, in kai shi wurin mai ɗori, alhali bai faɗi ba, bai yi targaɗe ba. Ina neman shawararku.

Ma'aikaciyar jinya daga Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba shi lafiya. Ciwon da yake tsananta bayan hutu, ya lafa da motsi, ya fi kama da amosanin gaɓɓai na yara, wanda garkuwar jiki ce take juyowa ta far wa gaɓɓai. Likitoci suna zargin sa idan kumburi ya wuce mako 6 a yaron da bai kai shekara 16 ba, kuma nau'in da yake kama diddige da mahaɗar ƙugu ya fi samun yara maza. Ɗori ba zai amfane shi ba, domin ɗaure gaɓar ƙara sandarar da ita yake yi. Ku nemi takardar turawa zuwa likitan amosanin gaɓɓai a asibitin koyarwa, LUTH ko LASUTH da ke Ikeja. Za su fara tabbatar da cewa ba tarin fuka ne ya kama ƙashin baya ba, kuma hoton ƙashi na yau da kullum yakan fito lafiya a farkon ciwon, shi ya sa ake neman MRI, wato hoton na'ura da ya fi nuna kumburin cikin gaɓa.

Wata uwa daga Obalende:
Malam, nawa yaron ya shekara uku ke nan yana kan magani. Abin da har yau nake nadama shi ne haɗin ƙwayoyin da na riƙa sayo masa a wani kemis. Ciwon ya lafa, amma fuskarsa ta kumbura, girmansa ya tsaya, ashe akwai prednisolone a ciki, wani maganin kumburi mai ƙarfi. A asibiti sun fara da naproxen, daga baya suka sa shi kan methotrexate, sau ɗaya a mako ba kullum ba, tare da folic acid da gwajin hanta lokaci-lokaci. An gaya mana cewa idan ciwon ya kama ƙashin baya sosai wannan maganin ba ya wadatarwa, sai allurai irin su adalimumab ko etanercept, waɗanda tsadarsu ba ƙarama ba ce. Kada kuma ku yi wasa da zuwa sashen gashin ƙashi, don shi ya mayar da nawa filin ƙwallo.

Ma'aikaciyar jinya daga Idi-Araba:
Na manta da batun ido. Wannan ciwo yakan haddasa kumburi a cikin ido, saboda haka idan idonsa ya yi ja, yana zafi, yana gudun haske, ku kai shi likitan ido a ranar.

Wani uba daga Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Ranar Litinin zan nemi takardar, in sha Allahu.