Neman kalmar Hausa: heme da inzayim ɗin da ke farfasa shi a hanta

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'a. Dan Allah a taimaka min, gobe da safe zan miƙa fassarar wani darasi na ɗaliban jinya a kan hanta, sai na maƙale a heme da heme oxygenase. Jimlar cewa take idan heme ya yi yawa a tantanin hanta, shi da kansa ne yake sa a ƙara yin inzayim ɗin da zai farfasa shi, wato heme oxygenase (inzayim furotin ne mai hanzarta aikin sinadarai a jiki). Yaya zan kira su biyun?

Malamar kimiyya: Wa alaikumus salam. Ni dai a aji "launin jini" nake cewa, tunda shi ke ba jini jan da yake da shi.

Dakta: Malama, wannan zai yi a darasin jini, amma nan fa hanta ake magana. Hanta tana haɗa nata heme ɗin, mafi yawansa kuma yana shiga inzayim ɗin P450 ne masu sarrafa magunguna, babu ruwansu da launi. In ya rubuta haka ɗalibi zai ɗauka duk daga jini yake zuwa. A rubuta "him" kawai a wuce.

Mai kishin Hausa: Him kuma? Haba Dakta. Kullum haka kuke yi, ku ɗauko Turanci ku canja masa harafi ku ce kun fassara. Abin nan zobe ne da ƙarfe ɗaya a tsakiyarsa, ni tuntuni "zoben ƙarfe" nake kiransa, inzayim ɗin kuma "mayankin zobe", tunda aikinsa ke nan.

Dakta: Maganar yanka gaskiya ce Malam, yanke zoben yake ya buɗe shi, da taimakon iskar oksijin. Abu uku ke fitowa, bilibadin mai kore, da ƙarfen da ake adanawa a cikin furotin mai suna feritin, da iskar kabon monokzayid. Bilibadin ɗin ne wani inzayim yake mayarwa bilirubin, wanda in ya taru ido ya yi rawaya mu ce shawara. Amma zoben ƙarfe duk wanda ya ji zai tuna na yatsa, alhali zoben ba na ƙarfe ba ne, riƙe ƙarfen kawai yake yi.

Mai kishin Hausa: To a ce zobe mai ƙarfe mana, sai me. Ni abin da ke min ciwo shi ne mu ne kullum masu aro, kamar harshen nan bai isa ya ɗauki ilimi ba, yaro ya taso yana ganin sai da Turanci ake sanin jikin mutum.

Malamar kimiyya: Malam, likita da asibiti ma ai aro ne, ba wanda ya ce sun rage wa Hausa daraja. Kuma ɗaliban nan gobe za su karanta sakamakon gwaji, dole kunnensu ya san sunan da ke rubuce a takarda.

Mai kishin Hausa: Waɗancan sun riga sun zauna. Wannan yanzu ake haifarsa, a hannunmu yake.

Mai tambaya: Dan Allah manya ku yi haƙuri, dare na yi. Saura aikatau ɗin, in ce him yana "kunna" inzayim ɗin?

Dakta: A'a ɗan'uwa, nan ne ma ya fi muhimmanci, kada ka sa kunna. Ba wai inzayim ɗin yana zaune a kashe ba ne him ya zo ya kunna shi, sabo ake ƙerawa. Akwai furotin mai suna Bach1 da ke zaune a kan ƙwayar gadon HO-1, wato heme oxygenase na ɗaya, ya danne ta. Idan him ya yi yawa sai ya maƙale wa Bach1, shi kuma Bach1 ya saki DNA ɗin ƙwayar gadon, a fitar da shi daga cibiyar tantanin a lalata shi, sai Nrf2, furotin da ke sa ƙwayar gadon ta yi aiki, ya samu wurin zama, tantanin ya shiga yin HO-1 da yawa. Idan him ya ragu, sai Bach1 ya koma mazauninsa. Kuma a lokaci guda him ɗin yana rage ALAS1, inzayim na farko a hanyar haɗa shi, wato ana ƙara farfasawa ana rage haɗawa. Dalili kuwa him da ke yawo a sake yana lalata tantani, shi ya sa batun ya shafi masu sikila, jininsu na yawan fashewa.

Malamar kimiyya: Wato Bach1 takunkumi ne, him ne ke cire shi.

Mai kishin Hausa: Yauwa! Kun ga Hausa ta yi aikin ko?

Dakta: Takunkumi ya yi, na karɓa. Mayanki ma ya yi, amma a rubuta HO-1 a gefe, saboda akwai nau'i na biyu, HO-2, da kullum yana nan, yawan him bai cika canja shi ba.

Mai tambaya: To ga abin da zan sa: "Idan him, wato zobe mai ƙarfe, ya yi yawa a tantanin hanta, yakan cire takunkumin Bach1, sai tantanin ya ƙara yin mayankin him, HO-1." Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

Mai kishin Hausa: Mayankin zobe na ce, ba mayankin him ba. Amma je ka miƙa, ba zan hana ka ba. Kalmar "inzayim" ɗin nan da kowa ke ta rubutawa kuma ban yarda da ita ba har yanzu, sai mun zauna a kanta.