Ta tafi-da-gidanka ko mai ƙafa uku: da wacce za a auna gini?

Safiyo na Agege: Salamu alaikum jama'a. Zan faɗi abin da ke raina ko da wasu ba za su ji daɗi ba. A aikin auna gini da leza, zamanin na'ura mai ƙafa uku ya wuce. Makon jiya na auna wani bene mai hawa 4 a Ikeja da ta tafi-da-gidanka. Na riƙe ta a hannu, na bi ɗaki-ɗaki, na hau matakala na sauko, kafin la'asar na gama. Da mai ƙafa uku ce, kowane ɗaki sai na kafa, na jira, na ɗauke, kwana 2 ba za su ishe ni ba.

Baba Injiniya: Wa alaikumus salam. Ɗana, mai ginin me zai yi da awon?

Safiyo na Agege: Zanen ɗakuna yake so, Baba. Zai raba benen ya ba da haya ofis-ofis.

Baba Injiniya: To a nan ka yi daidai. Kuskuren santimita 1 zuwa 3 ba zai hana a raba ɗaki ba. Amma ka janye maganar zamani ya wuce. Mai ƙafa uku tsaye take wuri guda tana harba haske, kuskurenta a cikin gini 'yan milimitoci ne. Taka kuwa tafiya take tana ƙiyasin inda take, abin da ake kira SLAM ke nan: tana kama kusurwa da ƙofa da fila tana haɗa su da na baya. Kowane taku da ɗan kuskurensa, kuma taruwa suke.

Hajiya mai zanen gini: Ni na ga wannan da idona. An kawo min awon wani otal da za mu gyara. Doguwar hanyar da ke tsakanin ɗakuna, bango fari sumul, ƙofofi duk iri ɗaya. Da na buɗe ɗigogin awon da na'urar ta ɗauko a kwamfuta sai na ga hanyar ta lanƙwashe kamar baka, ɗakin ƙarshe ya goce daga kan filar da ke ƙasansa. Na'urar ta rasa abin da za ta kama, sai ta zame. Dole muka koma da mai ƙafa uku, kuɗi biyu, wahala biyu.

Safiyo na Agege: Hajiya, wannan laifin mai riƙewa ne. Ana tafiya a hankali, a zagayo a ƙare a inda aka fara don na'urar ta gyara kanta. Inda bango ya yi sumul a ajiye kujeru ko kwalaye. Sannan a dasa alamomin da aka auna da total siteshan, wato na'urar safiyo mai auna kusurwa da nisa, a ɗaure aikin a kansu.

Hajiya mai zanen gini: Na yarda, ƙanena. Amma ka ga saurin da kake faɗa ya fara raguwa.

Ɗan kwangila na Idi-Araba: Ni ina bayan yaron nan. Ku je ku kafa ƙafa uku a benen kasuwar Balogun mu gani. Lungu ba ya ɗaukar mutum biyu, masu dako na wucewa, mai shago ba zai rufe maka ko na minti 5 ba. Wani ya ɗan taɓa ƙafar, awon wurin ya lalace. Kuma haya muke ɗaukowa, kuɗin kwana ake lissafi.

Baba Injiniya: Alhaji, ban musa ba, a Balogun ni ma ta hannu zan ɗauka. Abin da ke damuna daban ne. Duk muna garin nan ranar 1 ga Nuwamba 2021 da bene mai hawa 21 ya rufta a titin Gerrard a Ikoyi, mun ga gawarwakin ma'aikata irin namu. Idan mai gida ya kira ni yau ya ce bangonsa ya tsage, tambayata ita ce fila ta karkata ne, dakin, wato rufin kankare, ya yi ciki ne, ko ginin nutsewa yake. A Lekki wurare da yawa fadama ce aka cike da yashi. Sai in auna yanzu, in dawo bayan wata 6 in sake, in kwatanta. In ginin ya sauka milimita 5, na'urar da kuskurenta ya kai santimita 2 ta yaya za ta gani? Za ta ce min lafiya lau, ni kuma in sa hannu, mutane su ci gaba da kwana a ciki. Wannan ba zan yi ba. Kuma a sani, duka biyun fuskar gini kawai suke gani. Rodi da ƙarfin kankare gwajinsu daban.

Safiyo na Agege: Wannan kam ba ni da ja, Baba.

Baba Injiniya: Ita ma mai ƙafa ukun ba kamar da ba ce. Leica RTC360 tana ɗaukar ɗigo har miliyan 2 a daƙiƙa, awon wuri ɗaya in an kafa ta bai kai minti 2 ba.

Hajiya mai zanen gini: Ga kuma tsofaffin gine-ginen Tsibirin Legas. Masallacin Shitta-Bey na 1894, in za a adana siffar adon fuskarsa, mai ƙafa uku ce za ta fito da shi tsaf. An rushe tsohon ginin tarihi na Ilojo Bar a 2016 muna ji muna gani. Gilashin benayen Victoria Island kuwa duka biyun yake ruɗawa.

Safiyo na Agege: Na janye kalmar ya wuce. Amma yawancin aikin da ke zuwa mana zanen ɗakuna ne da faɗin ƙasa, a nan ina nan kan bakana. Sai dai yanzu kun tuna min, mai benen Ikeja ya ce zai sa lifta a tsohon ramin da ke ciki.

Baba Injiniya: Kada ka ba masu lifta wannan awon. Su miƙewar ramin suke nema daga ƙasa har sama. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan zo da tawa, mu kafa a kowane hawa. Ka gaya wa mai gadi ya buɗe mana da ƙarfe 7, kafin gosulo.