Sassarfa da ɗaga ƙarfe: gudu zai zubar min da damtse?

Ɗan Kurna: Salam 'yan'uwa. Shekarata 27, kilo 61, wata 5 ke nan ina ɗaga ƙarfe, kwana 4 a mako bayan la'asar. Damtse ya fara fitowa, alhamdulillahi. Amma in na hau bene hawa biyu sai haki, kuma mahaifinmu na fama da hawan jini. Ina son ƙara sassarfa minti 25 bayan asuba, sau 3 a mako. Kocinmu ya ce in na fara, abin da na tara zai zube. Ranar Litinin kuɗin jim ɗina (gidan motsa jiki) zai ƙare. In koma jim mai injin gudu ne, ko in zauna inda nake?

Mai Tumbi: Rage tuwon dare kawai, tumbin zai tafi.

Ɗan Kurna: Oga, wane tumbi? Kilo 61 fa na ce.

Tsohon Gola: Ɗan'uwa, ji daga wanda ya ƙone. Shekara 2 na yi ina ɗagawa har na kai kilo 78. Sai wani aboki ya ja ni zagayen filin wasa na Sani Abacha kullum da sassafe, Asabar da Lahadi kuma ƙwallo. Karyawata shayi da biredi. Cikin wata 3 rigunana suka koma kamar na aro, gwiwar hagu ta kumbura. Da na koka wa mai jim ɗinmu, sai ya sayar min da wani gari a roba wai furotin ne na waje. Wallahi ɗanɗanon kunun gyaɗa gare shi, sati guda ina zarya banɗaki. Har yau in na durƙusa a sallah gwiwar nan sai ta yi ƙara.

Hajiyar Awara: Allah ya sawwaƙe. To amma kai kullum kake gudu a kan shayi da biredi, shi sau 3 ya ce.

Malamin PHE: Maganar kocin tana da asali. A 1980 wani mai bincike, Robert Hickson, a Amurka ya haɗa wa mutane ɗaga ƙarfe da gudu da tuƙa keke mai tsanani, kwana 6 a mako. Wajen mako na 7 ƙarfinsu ya daina ƙaruwa. Minti 25 ɗinka bai kama ƙafar wannan ba. Asuba da la'asar akwai tazarar fiye da awa 6, ya wadatar. Kada dai ka yi gudu ranar aikin cinya, kuma keke ya fi sauƙi ga gwiwa. Ka nemi furotin kusan giram 1.6 a kowane kilo, wato kusan giram 100 a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, sai ka cike da wake, awara, kifi da nono.

Tsohon Gola: Malam, ka taɓa ɗaga ko gwangwanin kankare? Turo hoton ƙirjinka mu gani.

Malamin PHE: Kai da ka sayi kunu a kuɗin furotin?

Baban Ummi: Ni tun da mai shago ya fara biyo ni bashi nake sassarfa, ban ga na rame ba.

Ɗan Kurna: Don Allah, mai injin nawa ne yanzu?

Mai Tumbi: Dubu 15 a wata.

Hajiyar Awara: A ina? Ƙanena dubu 30 yake biya, kuma injin ba ya tashi sai an kunna janareta.

Baban Ummi: Namu ma haka. Sun ƙara kuɗi wai man janareta ya yi tsada, amma ka je ƙarfe 5 ka tarar da injuna 3 an lulluɓe su da zani kamar gawa. In ka yi magana a ce mai gyara na hanya. Tun kafin azumi yake hanya.

Tsohon Gola: Fanka fa? Namu ko fanka ba sa kunnawa sai mai wurin ya shigo da baƙi.